Kafin ka cike fom ɗin tallafin lafiya, ka fara leƙa asibitin unguwarku

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu ya san irin saƙon nan. Wani zai turo cewa an buɗe neman tallafi ga masu sabbin dabarun inganta harkar lafiya, dala kaza, a hanzarta kafin a rufe. Cikin minti goma guruf ya cika da "Allah Ya ba mai rabo sa'a". Bayan wata uku kuwa shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Ni ma na taɓa shiga sahu. Bara ni da abokaina biyu, ɗaya yana karanta kwamfuta ɗaya tattalin arziki, muka kwana uku muna tsara manhajar da za ta riƙa tunatar da mata masu juna biyu ranar awo. Mun raɗa mata suna, har tambari mun yi mata. Sai muka iso wata tambaya a fom ɗin: mata nawa kuka tattauna da su, kuma me suka ce yana hana su zuwa awo? Muka kalli juna. Ko ɗaya. Muka yi 'yan kame-kame muka tura. Ba a ɗauke mu ba, kuma wallahi da ni ne alƙalin, ni ma ba zan ɗauka ba.

Da na koma gida hutu na tambayi yayata, wadda a lokacin take da ciki na uku. Dariya ta yi min. Ta ce ita ba ta taɓa manta ranar awo ba. Abin da ke hana maƙwabtanta zuwa shi ne kuɗin mota, da layin da ake kamawa tun asuba saboda ma'aikaciya ɗaya ce ke duba kowa, da kuma jiran izinin maigida. Wasu ma wayar ba a hannunsu take kwana ba. Ka ga ke nan mun ɓata kwana uku muna haɗa maganin ciwon da babu shi.

Na kawo labarin nan ne domin lokacin da muke ciki ba na wasa ba ne. A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa watan Yuli an rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, da cutar ƙanjamau, da tamowa a Najeriya. Har sai da Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don rage giɓin. Ma'ana, tukunyar ta ragu, masu miƙo kwano kuma sun ƙaru. Manyan ƙungiyoyin da a da ba su kallon ƙananan tallafi, yanzu da su za ka yi takara.

Buƙatar kuwa tana nan daram. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin nan. Da wuya ka samu gidan da ba a taɓa zaman makokin mai jego ba a cikin dangi.

To wace irin dabara ce ke samun shiga? Mu ɗauki misali daga Kano. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka fitar da sakamakonsa a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Matsalar da suka gano mai sauƙin faɗa ce: ma'aikata da ido suke ƙiyasta jinin da mace ta zubar bayan haihuwa, ido kuma yana ruɗi, kafin a farga an makara. Sai suka yi amfani da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a ga adadinsa. Da zarar ya kai wani mizani, sai a haɗa mata magunguna da ƙarin ruwa da tausar mahaifa a lokaci guda, maimakon a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Babu manhaja a ciki, babu data. Leda ce da tsari, amma daga mutanen da suka shafe shekaru a ɗakin haihuwa.

Haka ma shirin nan da aka yi a jihohin Arewa da dama, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Motocin suna tasha tun da can, direbobin ma 'yan gari ne. Sabon abin kawai shi ne haɗa su da matsalar.

Ba wai ina kushe fasaha ba ne. Temie Giwa-Tubosun ta kafa LifeBank a Legas a 2016 don kai jini asibitoci da babura, kuma a 2019 ta ci kyautar dala 250,000 a gasar da Jack Ma ya shirya wa 'yan kasuwar Afirka. Tana amfani da fasaha sosai. Amma da matsalar ta fara, wato jini yana wani wuri, mai buƙatarsa yana wani wurin, sannan ta nemo kayan aiki. Mu kuwa da kayan aiki muka fara, muka koma neman matsalar da za mu rataya masa.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce: kafin ka buɗe fom, ka je asibitin mazaɓarku. Ka yi sallama da shugaban asibitin, ka faɗa masa ko kai waye, ka nemi izinin zama kwana biyu ko uku kana kallo. Ka tambayi ungozoma abin da ya fi ba ta wahala. Ka nemi 'yan kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitin, ka gaida mai unguwa. Ka lura ko firjin rigakafi yana aiki, ko akwai wuta da dare, ko akwai ruwa. Abin da za ka rubuto a littafinka cikin kwanakin nan ya fi duk wani dogon Turanci nauyi a wurin masu tantancewa.

Na biyu, ka rage buri. "Zan kawo ƙarshen mutuwar mata a Arewa" ba shiri ba ne, fata ne. "A mazaɓarmu mata kaza ne ke haihuwa a asibiti duk wata, muna so su kai kaza cikin shekara, ga yadda za mu ƙirga" shi ne shiri. Tsarin Grand Challenges Explorations da Gidauniyar Gates ta fara a 2008 ya yi suna ne da cewa da shafi biyu kacal ake neman dala 100,000. Idan dabararka ba ta shiga shafi biyu ba, to kai ma ba ka gama fahimtar ta ba. A ƙarshen 2024 an ƙaddamar da Grand Challenges Nigeria, kuma lafiyar mata da jarirai ta fara sa wa a gaba. Idan kuma dabarar taka ta kasuwanci ce, Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe shafinta duk 1 ga Janairu, jarin da take bayarwa dala 5,000 ne.

Na uku, ka karanta sharuɗɗa kafin ka ɓata data. Da yawa ba mutum ɗaya suke bai wa kuɗi ba, sai ƙungiya ko kamfani mai rajistar CAC, ko jami'a. Ɗalibi zai iya shiga ta hannun malaminsa ko wata ƙungiyar garinsu. Idan aikin ya shafi tattara bayanan marasa lafiya, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. ChatGPT zai iya gyara maka Turanci, amma bai san sunan ungozomar garinku ba, masu tantancewa kuma sun gaji da karanta takardu ɗari masu kama ɗaya.

Na huɗu, a kula da 'yan damfara. Tallafin gaskiya ba ya neman kuɗin fom, ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ba ya cewa ka tura wa guruf biyar kafin ka wuce mataki na gaba. Ka je shafin masu bayarwar da kanka ka duba.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tallafi ba zai taɓa maye gurbin kasafin kuɗi ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Na tarayyar Najeriya har yau yana yawo ne a kusa da kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Duk da haka sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fita. Shi ya sa kusan kowane fom ke tambayar wa zai ci gaba da biya idan kuɗinsu ya ƙare. Idan amsarka ita ce za ka nemi wani tallafin, to ranar da aka rufe famfo aikin zai tsaya, kamar yadda muka gani a 2025. Tun farko ka jawo hukumar lafiya ta jiharku da ƙaramar hukuma ciki.

Mu 'yan aikin jarida da sauran waɗanda ba likitoci ba, kada mu ce babu ruwanmu. Sauraron mutane, da mayar da bayanin lafiya Hausar da kaka za ta gane, da bin diddigin ko kuɗin asusun nan ya iso asibitin mazaɓa, duk aikinmu ne, kuma wannan na ƙarshe ko sisi ba ya buƙata.

Ni dai hutun nan mai zuwa asibitin unguwarmu zan nufa da biro da littafi. Idan wani fom ya sake tambayata mata nawa na tattauna da su, ina so in samu lambar da zan rubuta.