Ra'ayinmu: In Ka Gama, Aikin Me Za Ka Yi?

Duk ɗalibin ilmin halayyar ɗan'adam da ya je hutu Sule Tankarkar ya san wannan tambaya tana jiransa a zaure. Tambaya ce ta gaskiya, kada mu ji haushinta.

Aiki yana nan, amma digirin farko bai isa a miƙa wa mutum majinyaci ba. Mai son aikin asibiti, irin na Kazaure ko Dawanau, tilas ya ƙara digiri na biyu. Mai son makaranta ya haɗa da takardar koyarwa, domin tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara. Gidajen yari da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma suna bukatarmu.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, wadda ta mai da hankali ga kulle maras lafiya. Amma doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Daga Gagarawa har Maigatari, saurayin da ƙwaya ta taɓa, wa zai saurare shi kafin a sa masa mari?

Gwamnatin Jigawa ta buɗe gurabe a ƙananan hukumomi. Mu kuma, 'yan'uwa, in an buɗe, kada mu maƙale a birni.