Jidda: Birnin da ke shan ruwan teku amma yake fargabar ruwan sama

A ranar 24 ga Nuwamban 2022 hukumar kula da yanayi ta Saudiyya ta auna ruwan sama milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida, adadin da ya ninka abin da birnin ya saba samu a shekara guda. Mutum biyu suka rasu, aka rufe babbar hanyar Makka na wani lokaci, motoci kuma suka yi ta iyo a kan tituna.

Mazauna birnin sun taɓa ganin abin da ya fi haka muni. Ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da ranar da alhazai ke fita Mina, ta kashe fiye da mutum 120, unguwar Kuwaiza na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Raguwar asarar rai tsakanin lokutan biyu shaida ce cewa madatsun ruwa da manyan magudanun da aka gina bayan ambaliyar 2009 da ta 2011 sun yi amfani. Sai dai akwai wani ɓangaren aikin da ba ya fitowa a hotuna, wato na ma'aikatan da ke kwana a matatun ruwa.

Jidda ba ta da kogi. Tun 1907 Turkawan Usmaniyya suka kafa na'urar tace ruwan teku da mutanen gari suka laƙaba wa suna Kindasa, a 1947 kuma aka jawo ruwa daga Wadi Fatima. A yau birnin, mai mutum kusan miliyan huɗu, ya dogara ne da Bahar Maliya, musamman matatun Shu'aiba da ke kudancinsa, waɗanda Makka ma ke sha daga gare su. Ke nan ruwan da alhajin Kano ko na Maraɗi yake alwala da shi a masaukinsa, galibi ruwan gishiri ne da aka tace.

Samar da ruwan ya zo wa hukumomi da sauƙi fiye da kwashe shi bayan an yi amfani da shi. Shekaru da dama yawancin gidajen Jidda ba su haɗe da bututun ruwan ƙazanta, ramukan masai suke da su. Ɗaruruwan tankoki ke zuƙe su kullum, su kai wani kwari a gabashin gari su juye, har wurin ya zama tafki. Jama'a suka raɗa masa suna Tafkin Miski, don ba'a. Da ambaliyar 2009 ta auku, babban abin tsoron shi ne kada bangon da ya tare tafkin ya ɓalle, domin yana saman gari ne. Sarki Abdallah ya sa a gudanar da bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid al-Faisal, an gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila, sannan Kamfanin Ruwa na Ƙasa, NWC, wanda aka kafa a 2008, ya ƙafar da tafkin a 2010.

Abin da a da ake juyewa a kwari, yanzu matatu ne ke karɓarsa, kamar ta Khumra a kudu da waɗanda ke kusa da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz. A nan ne nauyi ya koma wuyan babban ma'aikacin da ke jagorantar masu aikin kwana.

Aikinsa ya fi kama da kiwo. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cinye dattin da ke cikin ruwan, shi kuwa dole ya tabbatar suna samun iska daidai gwargwado, bai bar su sun yi yawa ba, bai kuma kwashe su fiye da kima ba. Idan injin hura iska ya tsaya na wasu sa'o'i a zafin Jidda, wari zai tashi, halittun su fara mutuwa, kuma farfaɗo da su kan ɗauki makonni. Ga matsalar gishiri: ruwan ƙarƙashin ƙasa a unguwannin bakin teku yana kusa da sama, yana kutsawa cikin tsofaffin bututu, ya rage ingancin ruwan da aka tace domin ban-ruwan itatuwa.

Ranar ruwan sama kuwa ita ce ranar gwaji. A ƙa'ida magudanar ruwan sama daban take da bututun ƙazanta. Amma idan titi ya cika, wasu kan buɗe murafun bututun ƙazantar don ruwa ya janye daga ƙofar gidajensu, duk ya kwarara matata. Ma'aikacin sai ya zaɓa cikin mintuna: ya karɓi ruwan duka ya wanke halittun da ya yi watanni yana reno, ko ya rage shigarsa ƙazanta ta koma tituna, ko ya karkatar da wani ɓangare ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Kowanne da asararsa, kuma na'urorin ɗakin sa-ido lambobi kawai suke nunawa, hukuncin nasa ne.

Batun kuɗi ma bai kwanta ba. Gwamnati ta ce a 2019 kowane mutum a ƙasar yana amfani da lita 263 a rana, tana kuma son a sauko zuwa 150 nan da 2030. Amma lokacin da aka ƙara kuɗin ruwa, koke-koken jama'a sun kai ga sauke ministan ruwa Abdullah al-Hussayen a Afrilun 2016. Tun daga nan aka fi karkata ga 'yan kasuwa: an raba ƙasar shiyya shida ana ba kamfanoni kwangilar gudanarwa, sababbin matatu kuma masu zuba jari ke gina su.

Tsarin yana kawo kuɗi da injina da sauri, amma kwangila tana da wa'adi, ƙwarewa kuwa a hankali take taruwa. Wanda ya san bututun da ke fara cika idan hadari ya sauko daga duwatsun gabas ya koye shi ne a shekarun da ya yi yana aikin dare, kuma idan ya tafi tare da kamfanin da wa'adinsa ya ƙare, ilimin ya tafi da shi. Jidda na cikin biranen da za su karɓi gasar cin kofin duniya ta 2034, ga aniyar ƙara yawan masu Umara, duk kuwa wanda ya sauka a birnin, ruwan da ya yi wanka da shi matatun nan zai nufa.