Zabura Ba Tarkace Ba Ce: Martani

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa Zabura ta Ibraniyawa tarkacen waƙoƙi ce da aka tara barkatai, wai ba komai cikinta sai maimaici. Wannan zalunci ne ga littafin.

Waƙoƙi 150 ne, an kasa su littattafai 5. Huɗun farko kowanne na rufewa da yabon Ubangiji, a waƙa ta 41, 72, 89 da 106, sannan ta 150 ta rufe duka da yabo zalla. Ina barkatai a nan? Ta 119 baiti 176 gare ta, kashi 22 bisa jerin haruffan Ibrananci, kowane harafi baiti 8, kusan dukansu kan shari'ar Allah. Ta 136 kuwa amshi ɗaya take maimaitawa sau 26, domin jama'a su riƙa karɓawa.

Bahaushe ya san wannan tsari sarai. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, ita ma haruffan Larabci take bi, baiti 20 ga kowane harafi, duk yabon Annabi (SAW). Mai sauraronta a watan Maulidi, a Kano ne ko a zangon Parakou da Djougou, tsoffin masaukan fataken goro a hanyar Gwanja, ba ya cewa mawaƙin ya rasa abin faɗa.

Marubucin jaridar ya kafa hujja da waƙa ta 14 da ta 53 a Zabura, masu kama da juna ƙwarai. Ai tsoffin kundaye biyu ne suka haɗu cikin littafi ɗaya, masu shirya shi kuma suka adana kowace a muhallinta.