Ƙananan ɓerayen birnin Faris

A Faransa akwai wasu yara da ake kira "ƙananan ɓeraye", kuma ba zagi ba ne. Laƙabin ɗaliban makarantar rawar bale ne ta gidan Opera na Faris, rawar nan da za ka ga mace ta tsaya cak a kan yatsun ƙafa kamar ba ta da nauyi. An kafa makarantar a 1713, zamanin Sarki Louis na 14, kuma tun 1987 tana Nanterre, a gefen birnin.

Na san wani zai ce, rawa kuma har da makaranta? To, ni ba rawar ce ta dame ni ba. Yadda suke koya wa yaro sana'a ne ya ja hankalina, tunda mu ma masu yaran shago ne.

Tun yaro yana shekara 8 ake iya ɗaukarsa. Sai an auna tsayinsa da nauyinsa, likita ya duba shi, sannan ya yi watanni na gwaji. Koyarwar kyauta ce, kuɗin kwana da abinci ne a wuyan iyaye. Da yawansu a makarantar suke kwana, sai ƙarshen mako su ga gida. Kullum darasi yana farawa ne a jikin sandar katako da aka kafa a bango: a riƙe, a lanƙwasa gwiwa, a miƙe ƙafa, a sake, yau da gobe, shekara da shekaru. 'Yan mata ba sa hawa yatsu sai ƙafa ta yi ƙwari, wajen shekara 11 ko 12. Takalmin kuwa bakinsa ƙyalle ne da gam aka daskarar, yatsu suna shan wuya a ciki.

Duk shekara akwai jarrabawa, wanda bai kai ba ana iya sallamarsa. Ko waɗanda suka gama, kaɗan ne gidan Opera ke ɗauka aiki.

Ga inda suka burge ni: rawa sai da rana. Safiya ta karatun boko ce, har yaro ya kai jarrabawar gama sakandare. Wanda aka sallama yana da shekara 14 zai koma aji ne kamar kowa. Mu kuwa, Alhaji, yaro nawa muka cire daga aji uku saboda shago ya yi ciniki bana?

Wanda ya dace aka ɗauke shi ma, a shekara 42 yake ritaya.