Wasiƙa zuwa ga 'yan acaɓa: giya ta riƙe gudu, birki ya tsayar

'Yan'uwa masu neman na kansu a kan babur,

Akwai wani musu da ba ya ƙarewa a tashoshinku da rumfunan kanikawa. Wasu sun ce gwani da giya yake rage gudu, birki na ɗan koyo ne. Wasu kuma sun ce rage gudu da giya kashe inji ne, a matse kuloci a taka birki kawai. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuma, dalilin ɓangare na uku ya ƙara ƙarfi, wato masu sa babur a furi da zarar sun ga gangara. Kowa ya san hoton: mutum ya iso bakin gangara da fasinja da buhun masara, ya mayar da giya furi, wani har ya murɗe makulli, babur ya yi tsit sai kukan sarƙa da iska, ƙafar dama na kan birkin baya tun daga sama har ƙasa. Abin da nake so in faɗa muku shi ne, giya da birki aikinsu daban. Giya tana hana gudu ƙaruwa, birki yana tsayar da babur, kuma duk wanda ya ɗora wa ɗaya aikin ɗayan ya sa ransa da na fasinjansa a caca.

Idan ka saki totur babur yana cikin giya, ƙofar iska ta kafireta tana rufewa. Fistan yana ta ƙoƙarin zuƙo iska ta ƙofar da aka toshe, kamar mai tsotsar ruwa ta karan da aka danne bakinsa. Wannan wahalar da inji yake sha ita ce take bin sarƙa ta riƙe ƙafar baya. Giyar ƙasa ta fi riƙo, domin a cikinta inji ya fi yawan juyawa a kan kowane juyi na taya. Birki kuwa guga ne zalla: yana mayar da gudu zafi. Yawancin baburan haya, irin su Bajaj Boxer da takwarorinsa, birkinsu a rufe yake cikin cibiyar ƙafa, gaba da baya, inda iska ba ta ratsawa sosai. Taka shi ka saki, zai huce. Ɗora masa ƙafa na tsawon kilomita biyu ko uku da kaya a baya, sai ƙarfen ya yi zafi ya ɗan buɗe, fatar birkin ta yi santsi, ka ji kana takawa har ƙasa amma babur bai san kana yi ba. Wanda ya taɓa jin ƙauri yana tashi daga ƙafar baya a ƙasan gangara ya ji warin gargaɗi. A wurare irin su Hawan Kibo a hanyar Jos, ko gangarowa daga tsaunin Mambila, kwana tana bin kwana, kuma a ta ƙarshe ne aka fi bukatar birkin da aka riga aka ƙona tun a ta farko. Ƙa'idar da tsofaffin direbobin manyan motoci suke bi ta dace da babur: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Inji ya riƙe nauyin, birki ya zauna da sanyinsa yana jiran lokacin da za a neme shi.

Na san za ku ce mai ya yi tsada, kuma gaskiyarku ne. Ba wanda zai raina kuɗin lita a wurin mutumin da zai kai balas da yamma. Amma a duba abin da ake tsimin. Babur a cikin giya da totur a rufe, ɗan abin da yake sha bai ɗara na silo da yawa ba. Wannan ɗigon ne ake sayar da riƙon inji dominsa. Mai kashe inji gaba ɗaya kuma ya ƙara wata asarar, domin a yawancin ƙananan babura fitilar gaba daga inji take samun wuta, sannan idan akuya ta faɗo titi ko tirela ta matso daga baya, ba shi da ƙarfin da zai murza ya kauce. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Masu cewa giya tana cinye inji su ma suna da abin kamawa, sai dai sun kama laifin a inda ba shi ba. Injin da ake zuba wa baƙin mai daban, man yana zagayawa muddin yana juyawa, ko an murza totur ko ba a murza ba. Abin da yake ɓarna shi ne a faɗa giya ta biyu ana tsananin gudu a saki kuloci gaba ɗaya: inji ya yi kururuwa, sarƙa ta fizga, tayar baya ta ja ƙasa. A fara rage gudu da birki, a sauke giya ɗaya bayan ɗaya, a ɗan taɓa totur, a saki kuloci a hankali, ba abin da zai samu inji. Tsofaffin babura masu shan mai gauraye da baƙin mai, irin Vespa ta da, su ne ba a so a daɗe ana gangarawa da su totur a rufe, don rufe mai a wurinsu rufe abin da ke jiƙa fistan ne.

To amma masu alfahari da giya su saurara, domin kuskurensu ya fi kusa da asibiti. Riƙon inji a ƙafar baya kaɗai yake aiki, alhali da zarar babur ya fara rage gudu nauyinsa gaba yake komawa, baya ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur suke cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowane daƙiƙa, kuma nisan da birki zai ci kafin ya tsaya ninki huɗu ne na mai gudun 30. Yaro ya tsallako titi, ba lokacin lissafin giya. Ga kuma danja: rage gudu da inji ba ya kunna ta, direban da ke bayanka bai san ka sassauta ba sai ya zo dab da kai. Ko giya kake saukewa, ɗan taɓa birki don jar wutar ta yi magana.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron birkin gaba. Da yawa an koya musu cewa yana wurgar da mutum, har ka ga babur wayar birkin gabansa ta saki ko ta tsinke, hannun yana lilo, mai shi bai damu ba. Fizga ce take kayarwa, musamman a kan yashi, ko laka, ko cikin kwana. Wanda ya fara matsawa a hankali har nauyi ya zauna a kan tayar gaba, sannan ya ƙara ƙarfi tare da taka na baya, zai tsaya a miƙe kuma a ɗan taƙi. A Indiya, inda kamfanin Bajaj yake, a Afrilun 2019 doka ta wajabta wa sababbin ƙananan babura birkin da idan an taka na baya yake kama na gaba tare. Inda ƙasa take da santsi kuwa, maganin shi ne a rage gudu tun kafin a shiga, babur yana miƙe.

Ina roƙon shugabannin tashoshi da duk wanda yake koya wa ƙani ko yaron gida tuƙi: ku kai shi fili mai kwalta inda ba motoci, ya yi ta gwada tsayawa da birki biyu har hannunsa ya saba, kafin ku ba shi makulli ya ɗauki ɗan wani. Kai kuma ɗan'uwa, gobe da safe kafin fasinjan farko, matsa hannun birkin gabanka ka ji ko yana kamawa, ka waiwaya ka ga ko danja tana kawowa. In ba haka ba, fara biyawa ta wurin bakanike. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a koma gida lafiya.