MG Midget ta haura shekara 60 ana gyaranta a gida, me ya sa wayarka ba ta kai shekara huɗu?

A Ingila akwai wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, sunanta MG Midget. An fara ƙera ta a 1961 a masana'antar MG da ke garin Abingdon, aka daina a 1979, masana'antar kanta kuma aka rufe ta a 1980. Duk da haka har yau dubbai daga cikinta suna kan titi, kuma da yawa daga masu ita ba makanikai ba ne. Mutum zai taso daga aiki ko ya samu hutun ƙarshen mako, ya buɗe bonet a ƙofar gidansa, ya gyara abinsa da kansa.

Za ka iya cewa me ya haɗa shafin fasaha da tsohuwar motar Turawa. Dubi wayar da ke hannunka. Ta fi kwamfutocin da aka je duniyar wata da su ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da zarar batirinta ya fara kumbura ko an daina turo mata sabuwar manhaja, sai ka fara lissafin kuɗin wata. Ra'ayina shi ne wannan bambanci zaɓi ne da kamfanoni suka yi, kuma tsohuwar motar ce ta fi nuna mana hakan a fili.

Motar da aka ƙera don mai ita ya taɓa

Midget ƙanwar wata mota ce, Austin-Healey Sprite, wadda ta fito a 1958. Kamanninsu ya kai har masu sha'awarsu suna haɗa sunayen biyu su ce Spridget. Tsawonta bai wuce mita uku da rabi da ɗan wani abu ba, kuma samfuran farko ba su kai kilo 800 ba. Injinta mai silinda huɗu ne da ake kira A-Series, ya fara da cc 948, ya koma 1098, sannan 1275 a 1966. A 1974 aka sa mata injin Triumph mai cc 1493 da baƙar bamba ta roba domin cika dokokin Amurka.

Sirrin farko yana cikin injin nan. Kamfanin bai ƙirƙiro mata wani inji na musamman ba. A-Series shi ne a cikin Morris Minor da Mini, kuma an yi ta ƙera shi daga 1951 har zuwa 2000. Saboda haka kayan gyaransa suna ko'ina, haka ma waɗanda suka san shi.

Na biyu, kayan aikin da ake buƙata kaɗan ne. Sifana mai awon inci, musamman 7/16 da 1/2 da 9/16, da sukundireba, da filaya, da bindigar giris, da 'yan siraran ƙarafan auna tazara. Da waɗannan ake yin mafi yawan hidimar motar. Ana saita tazarar bawul a inci 0.012 idan inji ya huce, bakin fulogi a inci 0.025, kwantak ɗin da ke cikin distributa kuma a wajen inci 0.015. Ba a ɓoye wa kowa waɗannan lambobi ba, suna rubuce a littafin da ake ba mai mota.

Kafiretarta biyu ce, samfurin SU. A saman kowacce akwai ɗan murfi da ake kwancewa da hannu a ɗiga mai kaɗan. Idan man ya ƙare, motar za ta riƙa shaƙewa in an taka totur. Wanda ya san wannan zai magance matsalar cikin minti biyu. A ƙafafun gaba kuma akwai 'yan ƙofofin giris da ake cikawa kusan duk bayan mil 3,000, wato kilomita 4,800. Wanda ya yi sakaci da su zai sayi sabbin ƙarafa, wanda ya kula kuma zai shekara da shekaru bai canza ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Har wayoyin lantarkinta suna yi wa mai gyara bayani. Kayan wutar na kamfanin Lucas ne, wanda direbobi suka yi wa laƙabi da sarkin duhu saboda yadda fitilu ke ɗaukewa ba sallama. Amma kowace waya tana da launin da ke faɗin aikinta. Ruwan ƙasa tana ɗauke da wuta kullum daga batir, fara tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, koriya ta bi ta fiyus, baƙa kuma ita ce ta komawa jikin bodi. Idan mota ta ƙi tashi, tambayoyin ba su da yawa: mai yana isowa, fulogi yana ba da wuta, inji yana da matsi? Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka kama ɓarawon. Sau da yawa ma datti ne ko tsatsa a bakin wata mahaɗa.

Littafi da kayan gyara

Sauƙin ƙira kaɗai ba zai raya mota shekara 60 ba. Sai da aka samu ilimi a hannun jama'a da kuma kayan gyara a kasuwa.

A 1965 wani hafsan sojan saman Birtaniya mai suna John Haynes yana aiki a Aden, sai abokin aikinsa ya nemi ya taya shi farfaɗo da wata Sprite da ta ji jiki. Haynes ya lura cewa littafin masana'anta an rubuta shi ne don ƙwararru. Sai ya sayi kyamara, ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki yayin kwancewa da mayarwa. A 1966 littafin ya fito, kuma shi ne farkon jerin littattafan Haynes da suka koya wa miliyoyin mutane gyaran mota. Abin da muke nema yau a YouTube ko shafin iFixit, wanda aka kafa a 2003, jikan wannan littafi ne.

Ta fuskar kaya kuwa, kamfanin Burlen da ke Salisbury yana ƙera kafireta SU har yanzu. Moss Europe da Rimmer Bros suna sayar da kusan komai, daga robar ƙofa zuwa fistin. British Motor Heritage da ke Witney yana buga sabon bodi sukutum na MGB da Midget da ainihin injinan da aka yi amfani da su tun asali. Ga kuma ƙungiyoyi irin su MG Car Club da aka kafa a 1930 da MG Owners' Club ta 1973, inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi. Sunan MG kansa ya koma hannun kamfanin SAIC na China, amma hakan bai hana mai Midget barci ba, domin motarsa ba ta jiran izinin kowa kafin ta tashi.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna ta daɗe tana aiki ne saboda kowane bakanike ya san cikinta, kuma kayanta suna nan a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa.

Yanzu juyo da wayarka

Nemi inda za ka buɗe ta. Bayanta a manne yake da gam, sai an gasa shi da zafi kafin ya saki. Batirin shi ma a manne. Tun zamanin iPhone 4 kamfanin Apple ya koma amfani da wani noti mai kusurwa biyar da sukundireban gida ba ya kamawa. Daga baya aka zo da abin da ya fi wannan, wato ɗaure kowane sashe da lambar wayar ta hanyar manhaja. Kana iya ciro sikirin na asali daga wata waya iri ɗaya ka sa, wayar ta nuna maka gargaɗi ko wani aikin ya tsaya. Ka ƙaddara mai Midget ya sa sabon fulogi, motar ta ce ba ta san shi ba.

Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano da sauran kasuwanninmu suna da basirar da ba ta gaza ta kowa ba. Suna ɗaga ƙananan sassa daga allon waya da iska mai zafi, suna dawo da wayar da aka fid da rai da ita. Abin da suke rasawa shi ne abin da mai Midget yake da shi a sauƙaƙe: zanen da kamfani ya fitar a hukumance, da kaya na asali a farashin da hankali zai ɗauka. Shi ya sa kake sa sabon batir yau, bayan wata uku ya koma gidan jiya, ka ɗora wa mai gyara laifi.

Asarar kuma ba ta tsaya a aljihunka ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sake sarrafawa yadda ya kamata.

Abin da masu ja za su ce

Suna da hujja, kuma ya kamata a ji ta. Midget tana da sauƙin gyara, amma tana yawan neman gyaran. Tana ɗigar da baƙin mai. Tsatsa tana cin ƙasan ƙofofinta, kuma da yake bodin ne ke ɗauke da nauyin motar baki ɗaya, wannan aikin mai walda ne ƙwararre. Canza kuloci yana buƙatar a ciro inji. Ba ta da jakar iska ta kariya, kuma a haɗari motar zamani ta fi ta tsaro ƙwarai. Man fetur ma ya canza mata: an daina sayar da mai gubar dalma a Birtaniya a 2000, sannan a 2021 aka kawo E10 mai yawan sinadarin ethanol da ke cin tsofaffin robobin mai. Gyaran gida kuma yana da haɗarinsa. Ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba tare da ƙafafun ƙarfe na tallafi ba, kamar yadda ba a tsokanar batirin waya da tsinken ƙarfe, don yana iya kamawa da wuta.

A ɓangaren waya, kamfanoni suna cewa gam ne ke hana ruwa da ƙura shiga, ɗaure sassa da manhaja kuma yana rage wa ɓarayin waya kasuwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba wanda ya ce a mayar da waya zamanin kafireta. Hana ruwa shiga bai hana a sayar maka da batir na asali ba, kuma yaƙi da sata bai hana a wallafa littafin gyara ba. Fairphone na ƙasar Holan yana ƙera waya da ake canza mata sassa da ƙaramin sukundireba. Nokia G22 da ta fito a 2023, waya ce mai araha, an tsara ta yadda mai ita zai canza batir da sikirin a gida. Ashe ana iyawa idan an so.

Doka ma ta fara tilasta musu. Faransa ta fara sa wa kayan lantarki makin sauƙin gyara a 2021. Apple ya buɗe shirin sayar wa jama'a kayan gyara a Amurka a 2022. Jihar Oregon ta yi dokar hana ɗaure sassa da manhaja a 2024. Daga watan Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta wajabta a samar da kayan gyaran waya na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar, da batirin da zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan caji 800. Waɗannan dokoki ba su shafi kasuwarmu kai tsaye ba, kuma yawancin wayoyin da matasanmu ke saya ba don Turai aka ƙera su ba. Idan ba mu tambaya ba, ba wanda zai kawo mana.

Abin da ya rage gare ka

Idan za ka sayi waya, kada ka tsaya a kyamara da girman ma'adana. Tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarta. Kafin ka biya, leƙa wajen mai gyara ka ji nawa ne sikirinta da batirinta, kuma ana samun na asali ko sai jabu. Wayar da sikirinta ya kai rabin kuɗinta, tsada ce da ita ko da an sayar maka da araha.

Sannan ka ɗauki ɗabi'ar mai Midget ta kula da ƙananan abubuwa. Share ƙofar caji da tsinken katako a hankali kafin ka yanke hukuncin ta lalace. Kada ka bar waya a rana ko ƙarƙashin matashi tana caji, domin zafi ne babban abokin gabar batir. Idan batir ya gaji, canza batirin, kada ka canza wayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in an bar shi ya hau rufin.

Hukumomin kare haƙƙin masu saye da na sadarwa su ma suna da rawar takawa. Duk kamfanin da ke sayar da miliyoyin wayoyi a ƙasa, bai kamata ya gagara ajiye kayan gyara na asali da bayanan gyara ga masu sana'ar ba. Kayan da ka biya kuɗinsa amma ba ka da ikon buɗe shi, bambancinsa da kayan aro kaɗan ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.