Mai Fasaha Ba Ɗan Rawar Ranar Biki Ba Ne

Duk wanda ya ciro takardar Naira 20 daga aljihunsa zai ga hoton wata mata tana gina tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta rasu a 1984. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, ta yaya maginiyar tukwane daga ƙauye ta kai wannan matsayi?

Amsar ba ta da nisa. Baiwa dai Allah Ya ba ta, amma an sami inda aka raya baiwar. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Can ta sami tanderun gashi da kayan aiki da hanyar kasuwa, ba kuma wanda ya ce ta bar zanen kunama da ƙadangare da kifi irin na mutanenta. Har Landan aka nuna tukwanenta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

To, yau fa? Abin da muka saba gani shi ne, in babban baƙo zai zo, sai a ɗebo makaɗa da masu rawa a mota, su yini cikin rana, a sallame su da ɗan abin goro. Sai kuma baɗi. Wannan ba taimako ba ne, haya ce. Abin takaici ma, galibi mai babbar ƙabila ko mai wasa masu mulki shi ake tunawa da shi.

Alhali kuwa dukiyar tana ko'ina. Ga Nufawan Bida masu ƙirar tagulla da munduwar kwalba. Ga wasan Kwagh-hir na Tiv, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2019. Ga marinar Ƙofar Mata a Kano.

Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774. Kamata ya yi kowacce ta rubuta sunayen masu fasaharta, ba tare da duba yare ko addini ba. Ta gina musu rumfar aiki, ta biya wa yara kuɗin koyo a hannunsu, ta kuma riƙa sayen kayansu don ƙawata ofisoshi maimakon na ƙasashen waje.

Ma'aikata, takardun nan ta teburinku suke bi. Ɗalibai, ku je ku zauna da tsofaffin nan tun suna raye, gama in gwani ya mutu bai bar magaji ba, sana'arsa ta bi shi kabari. Allah Ya sa mu farga.